Toro biyu a gida ɗaya: littafin agwagina

14 Janairu 2024

Yau Lahadi, ranar kasuwar Tahoua, na dawo da toron agwagwa biyu a kwando. Ɗaya baƙi ne mai ƙyallin kore a gadon baya, ɗayan fari mai roɗi-roɗi a fiffike. Matan agwagin uku suna gida tun kaka. Innata da ke unguwar Bilbis, ƙanwar mahaifiyata, ita ta ba ni su da ta ce ƙarfinta ya ƙare wajen ɗibar musu ruwa. Wata uku suna cin dusa ba namiji, duk ƙwan da suka yi soyawa muka yi. Da niyyar sayen ɗaya na fita, sai mai sayarwa ya ce, "Hajiya, haɗa biyun, in ɗaya ya faɗi kina da madadi." Na ga maganarsa da hanya, na biya.

Da na kwance musu ƙafa na tsaya na ƙare musu kallo. Toro ba ya kuka, huci kawai yake yi ƙasa-ƙasa, yana miƙa wuya gaba yana janyewa, yana kaɗa wutsiya, gashin kansa ya miƙe tsaye. Fuskar duk jan nama ne mai gudaji-gudaji, daga gindin baki har bayan ido. Kowannensu ya kusa ninka mace a nauyi. Farce kuwa, Baƙin ya nuna mini nasa a wuyan hannu, layi uku har da jini. Irin agwaginmu na gida ke nan, waɗanda ma'aikatan kiwo ke ce wa Barbari, alhali asalinsu daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya suke.

Na ware littafin rubutu ɗaya daga na yaran lakwal, don in riƙa sa abin da na gani da ranar da na gan shi. So nake kiwon nan ya riƙa ɗauke mini kuɗin takardu da sabulu.

2 Fabrairu

Ba su kwana uku ba suka fara. Ƙirji da ƙirji, kowa ya cafki wuyan ɗan'uwansa, suna dukan juna da fiffike kamar ana kakkaɓe tabarma. Baƙin ya rinjaya, Farin ya koma zama bayan turken tumaki. Na ce to, an raba gardama. Ashe wahalar kan matan za ta koma.

Da wanda ya ci da wanda aka ci, kowa barbara yake so, mata kuwa uku ne tak. Toro in zai hau mace, gashin ƙeyarta yake cafka da baki, ya danne ta da ƙirji har ta baje a ƙasa. Baƙin na sauka, Farin na laɓe yana jira. Ƙaramar cikinsu ita ta fi shan wuya, ƙeyarta ta zama sanƙo, fatar ta yi jajir. Shekaranjiya ɗiyata ta kwala ihu daga bakin rijiya. Na fito na tarar su biyun a kan ƙaramar cikin daro, kanta a nutse, ƙafafu kawai ke motsi. Na fizge su da hannu biyu. Ta daɗe tana tari kafin ta miƙe.

Inna ta zo jiya, ta duba ƙeyar, ta ce, "Ɗiyata, wa ya ce ki sayi biyu? Ko zakara ba a tara shi haka." Da na je ma'aikatar kiwo neman maganin shafawa, ma'aikacin ya ce toro ɗaya ya ishi mata huɗu zuwa shida. Na rage ruwan daron zuwa rabi, ban yi wani abu ba bayan wannan.

20 Fabrairu

Babbar ta fara ƙwai a ƙarƙashin rumbu, bayan wata tsohuwar randa. Huɗu na ƙirga yau. Ban taɓa su ba.

3 Maris

Ta kwanta, ƙwai 13. Ta fige lallausan gashin ƙirjinta ta yi musu shimfiɗa, in za ta tashi sai ta ja shi ta lulluɓe su. Inna ta ja mini kunne kan lissafi: kaza kwana 21 take yi, zabuwa 26 zuwa 28, amma irin wannan agwagwa sai ta cika 35. Ta ce ta sha ganin matan da suka gaji a sati na huɗu suka ce baragurbi ne, suka fasa, suka tarar da ɗa da rai a ciki. Na samo gawayi, kullum da safe zan ja layi ɗaya a jikin rumbun.

Mazan biyu ko kallon wajen ba sa yi. Na saba da zakara, wanda in ya tono abu yakan kira kaji su zo su ci. Na saba da tantabarun maƙwabta, inda namiji ke karɓar mace kwanci da rana. Toro ba shi da ko ɗaya cikin halayen nan. Ci, wanka, barbara, sai barci a inuwar bedi.

24 Maris

Azumi ya yi nisa, zafi ya fara sauka da gaske. Sau ɗaya take fitowa a yini, wajen hantsi. Ta ci, ta sha, ta faɗa daro ta jiƙa jikinta, ta koma kan ƙwai da danshinta, kuma danshin nan yana taimakon ƙwan a wannan bushewar iska tamu. Matsalar ita ce Farin ya gane lokacin, yana tsare ta a hanya. Yanzu kullum da hantsi ina tsaye da karan dawa har ta koma. Ƙaramar kuma na mayar da ita madafa, sai ƙeyarta ta warke.

8 Afrilu

Alhamdu lillahi. Jiya da la'asar, layi na 35, na ji ƙaramin kuka daga ƙarƙashin rumbu. Yau da safe ta fito da 11, rawaya da baƙi-baƙi, suna bin ta a jere. Biyu ba su ƙyanƙyashe ba. Ta tsakiyar ma ta kwanta jiya a kan nata ƙwan, cikin tsohon akurkin kaji.

11 Afrilu

Na rasa biyu yau, a gaban idona.

Hidimar sallah ba ta ƙare ba, gida cike da 'yan barka da sallah. Don in rage wa kaina aiki na zuba jiƙaƙƙiyar dusa a faranti ɗaya na ajiye tsakar gida, kowa ya zo ya ci. Uwar ta taho da 'ya'yanta. Baƙin ne ya fara tasowa, kuma ba wajen 'ya'yan ya nufa ba, uwar yake so. Ta goce, ya bi ta ta tsakiyarsu, ya taka ɗaya da wannan faffaɗar ƙafa tasa. Ko juyowa bai yi ba. Kafin in ajiye butar da ke hannuna, Farin ya iso faranti, ya tarar da wani ɗan yana tsattsagar dusa a gefe. Ya sunkuya ya ɗauke shi ta wuya, ya girgiza sau biyu, ya yar. Taku uku ne tsakanina da shi.

Wanda aka taka nan take ya mutu. Na biyun na naɗe shi a gefen zanena, ina jin bugun zuciyarsa a tafin hannuna, nauyinsa bai fi na curin auduga ba. Wuyan ya langaɓe gefe guda. Bai kai azahar ba. Autana ya yi kuka har ya ƙi cin abinci.

Maigida ya ce a yanka su duka biyun a huta. Na ce ya yi haƙuri in kwana da maganar. Da dare na zauna na duba abin da na rubuta a baya, na ga duk alamun suna nan tun ranar daro. Ƙaramar na madafa, ta tsakiya na kan ƙwai, wato mace ɗaya ce tak ta rage a tsakar gida ga maza biyu, ita ce kuma mai jego. A raina na ɗauka tunda jininsu ne za su san su. Ban ma san wanne ne uban wanne ba, su ma ba su sani ba, kuma ba abin da ya dame su ke nan ba. Abin da toro ya gani shi ne mace ta tashi daga kwanci, da wasu ƙananan abubuwa da ke tare masa hanya suna kuma sa baki a farantinsa.

Inna ta aiko da cewa akwai toron da ke zama da 'ya'ya har su girma bai taɓa ko ɗaya ba, ta taɓa riƙe irinsa. Na yarda da ita. Sai dai ba a gane mai wannan hali sai an gwada shi da ran 'ya'yan, ni kuwa ba zan sake gwadawa ba.

13 Afrilu

Mun yi shinge. Ragar waya mai ƙananan ido, muka zagaye gindin bedi da ita, tsayinta ya kai ƙuguna. Ƙasa muka jera tubali saboda gafiya, sama muka shimfiɗa zana saboda shirwa da hankaka. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, ni yanzu har da na cikin gida nake tsoro. Uwa da 'ya'ya tara suna ciki.

Ruwansu a murfin tukunya nake zubawa, na jera tsakuwa a ciki, yadda za su tsoma baki har hanci amma ba za su iya nutsewa ba. Mutane na ganin ɗan agwagwa ba ya mutuwa a ruwa. Yana mutuwa. Man da babba ke lakato wa daga gindin wutsiya yana shafe gashinsa, na jariri bai kankama ba, sai ɗan abin da ya gogo a jikin uwa. In ya daɗe a ruwa gashin ya sha, ya yi nauyi, in kuma bakin daron ya yi masa tsawo ba zai iya fita ba.

Mazan sun yini suna zagaya ragar suna huci. Uwar ta kwanta a tsakiya ta yi barci, karo na farko da na ga ta rufe ido tun da ta fito.

28 Afrilu

Zafi ya wuce 40 kusan kullum. Sau huɗu nake canza musu ruwa, ina kuma yayyafa wa zanar. Abinci: dusar hatsi da tsakin dawa a jiƙe, da yankakken ganyen zogale. Ba na ba su busasshe sai da ruwa a kusa, don yana maƙale musu a wuya.

Ɗaya ya fara tafiya yana gwame ƙafa, ya yi taku kaɗan ya zauna. Na kai shi ma'aikatar kiwo cikin kwali. Ma'aikacin ya ce, "Hajiya, dusa kaɗai ba ta riƙe ƙafar agwagwa." Akwai sinadarin da ake kira niyasin, ɗan agwagwa ya fi ɗan kaza bukatarsa, ana kuma samunsa a gyaɗa da kifi. Ya ce in daka ƙuli-ƙuli in haɗa, amma in duba da kyau, wanda ya yi fumfuna guba ne, kuma cikin kayan fiffike 'ya'yan agwagwa ne suka fi saurin mutuwa da ita. Na ƙara da garin busasshen kifin Tabalak, irin ɓarɓashin da ke ragewa a gindin buhu. Ɗana babba kuma ya koyi tarkon gara: tsohuwar tukunya, a cusa busasshiyar kashin shanu da kara, a yayyafa ruwa, a kife a bakin shuri, da safe a ɗauko. In aka zazzage musu, rububin da suke yi sai wanda ya gani.

19 Mayu

Sati shida. Mai gwamen ƙafa ya miƙe. Yanzu ana gane maza da mata ba sai an tambaya ba: mazan ƙafafunsu sun yi kauri da faɗi, jikinsu ya yi tsawo, matan kuwa sun fi su saurin fitar da gashin fiffike. Maza biyar, mata huɗu.

Ta tsakiya ta ƙyanƙyashe takwas ranar 12 ga wata. Na sa ta cikin shinge ɗaya da babbar, ina ganin uwa ba za ta cuci ɗan wata ba. Kafin magariba babbar ta tsattsagi biyu a ka, ɗaya bai kwana ba. Don haka kada a ɗora wa toro laifin duka, mace mai 'ya'ya ma ba ta son na wata kusa da nata. Mun raba shingen biyu da zana.

Farin kuma ya ɓullo da sabon abu. Da ya rasa mace sai ya koma bin kaji. Na kama shi ya danne wata kaza mai ƙwai a bayan madafa. Wannan ba abin wasa ba ne, don halittar toro daban take da ta zakara: yana da gaba mai fitowa waje, jikin kaza kuwa ba a yi shi don haka ba, yana iya yi mata rauni a ciki har ta mutu. Na kulle shi shi kaɗai a tsohon akurki.

9 Yuni

Na sayar da Farin. Kasuwa duk hankali na kan ragunan layya, na daɗe a tsaye kafin wani mai gashin nama ya taya. Wata mata da ke kusa da ni ta ce ita ko kyauta ba ta cin agwagwa, ƙazama ce. Na ce mata, "Yaya, ƙazantar agwagwa daga mai ita take, in kin ba ta ruwa mai kyau ta fi kaza wanka." Ta yi dariya, ba ta yarda ba.

Na daɗe ina auna wanda zan bari. Dukansu sun kashe. Amma Baƙin takawa ya yi a kan hanyarsa, Farin kuwa sunkuyawa ya yi ya ɗauka. Kuma wata biyun nan ina lura da su a bakin raga: in 'ya'yan suka matso, Farin sai ya kai sara ta cikin ido, Baƙin kuwa ya ci abincinsa ya wuce. Ban ce wannan ya mai da shi abin amincewa ba. Na dai ce in dole sai an zauna da ɗaya, shi ne.

Na fito da ƙaramar daga madafa. Gashin ƙeyarta ya tsiro, ɗan gajere mai laushi.

30 Yuni

Sati 12, gashi ya rufe su ko'ina, mazan sun fi uwarsu girma. Yau na buɗe wa 'yan ƙyanƙyasar farko ƙofa. Sai da na ƙosar da Baƙin tukuna, na ajiye faranti biyu nesa da juna, ruwa ma wuri biyu, na zauna a kan turmi da karana. Ya taho yana huci, gashin kai a tsaye, ya zagaya su. Ya kai wa mafi girman cikinsu sara ɗaya a baya, wancan ya sunkuyar da kai ya kauce. Shi ke nan. Ya koma inuwa. Ina ganin watannin da suka yi suna kallon juna ta raga sun taimaka, ba baƙi ba ne a wurinsa.

4 Yuli

Na mayar da 'yan matan huɗu cikin shinge. Ya fara bin ɗaya, ita kuwa ba ta kai ba, sai sun yi wata shida ko bakwai suke isa ƙwai. Mazan na bar su a waje, ba ya kula su.

11 Agusta

Damanar bana ruwa ba ya wasa. Bayan gidajenmu ya zama tabki, katangar maƙwabta ta zube gefe guda. Jiya da safe na nemi manyan matan na rasa biyu. Babbar ta tashi sama ta haye katanga, don matan irin nan suna tashi sosai, toro ne nauyi ke hanawa. Ƙaramar kuma ta rariya ta bi. Ɗana ya same ta a tsakiyar ruwan, mazan agwagin unguwa uku sun taru a kanta, abin da ya faru a daro ya dawo, wannan karon ba bakin da za ta dafa. Ya shiga har gwiwa ya ɗauko ta. Ƙeyar da na yi wata uku ina jinya ta sake buɗewa.

Na toshe rariya da raga. Matan duka na rage musu dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, ɗaya kawai, don in sun yunƙura su karkace. Ba ya musu ciwo in ba a kai ga sabon gashi mai jini ba.

Akwai wani dalilin kuma da ya sa ba na son su je tabki. Tsuntsayen ruwa na daji suna sauka can, agwagwa kuwa tana iya ɗauko murar tsuntsaye ta kawo gida ita ba ta nuna alama ba, kaji su yi ta faɗuwa. Ina tune da 2006, lokacin da cutar ta ɓulla a Magarya, yadda mutane suka ƙaurace wa naman kaji har nan Adar.

22 Satumba

Samarin biyar fuskarsu ta fara ja, muryarsu ta koma huci. Sun fara gwada ƙirji a junansu, jiya kuma ɗaya ya tsaya wa Baƙin bai kauce ba. Ban jira ba. Mun yi musu wuri a bayan rumbu, inda ba sa hango mace ko ɗaya, na haɗa su da maza uku na ƙyanƙyasa ta biyu. Abin mamaki, su takwas a wuri ɗaya, faɗan bai wuce na kwana biyu ba, kowa ya san matsayinsa suka zauna. Ga hatsi sabo ya shigo, dusa ta yi sauƙi, sai ƙiba suke yi.

13 Oktoba

Na kai uku kasuwa yau, kuɗinsu ya biya littattafan yara na komawa lakwal, har da ragowar buhun dusa. Biyar na nan, zan riƙa fitarwa a hankali.

Mata yanzu 11 ne: uku na asali, huɗu na ƙyanƙyasar farko, huɗu na ta biyu. Sun fi ƙarfin toro ɗaya, kuma takwas ɗin ko 'ya'yan Baƙin ne ko na Farin, su biyun ma daga hannun mutum ɗaya na saye su, wataƙila uwarsu ɗaya. Ba na son jini ya yi ta juyawa a wuri guda. Na yi magana da dattijon da ke kawo mana kifi daga Tabalak, ya ce, "Ɗiyata, ba ni saurayi ɗaya cikin naki, in kawo miki nawa ranar Lahadi mai zuwa." In ya iso zai yi sati biyu shi kaɗai in ga lafiyarsa, sannan ya shiga wajen 'yan matan. Baƙin zai zauna da ukunsa na asali a ɗaya gefen, zana a tsakani, ba ragar da za su hango juna ba.

Ƙaramar ta kwanta tun 6 ga wata, karonta na farko, ƙwai tara, a bayan randar nan dai. Layi na bakwai na ja yau. In Allah ya yarda za su fito wajen 10 ga Nuwamba, lokacin sanyin dare ya fara, don haka na ajiye buhuna biyu da zan kewaye ragar da su. Shingen na share shi tun jiya, murfin tukunya da tsakuwarsa suna ciki.